Rauta na biyu da na saya don faɗaɗa waifai, ga abin da na gani bayan wata uku

Wata uku kenan yanzu ina amfani da ƙaramin rauta ɗin nan, wato na'urar da ke yaɗa waifai a gida, irin mai eriya biyu da ake rubuta N300 a jikin kwalinsa (alamar gudunsa ce, ba naira ba), kamfanoni da yawa suna yin irinsa kuma kusan duk aikinsu ɗaya ne. Na ƙi yin magana a kansa tun satin farko saboda a lokacin raina a ɓace yake, da na rubuta wani abu to da zagi kawai zan yi, kuma da ban yi masa adalci ba. Yanzu da na zauna da shi na gane inda laifinsa yake da inda ba nasa bane, shine nace bari in faɗa ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Matsalar gidana dai ita ce babban rauta yana falo, ɗakin da nake aiki kuma yana can ƙarshe, bango uku na kankare tsakaninsu, a falo in na gwada gudu ina samun wajen 40 Mbps (ma'aunin gudun intanet) amma a ɗakin nan sai kaga sigina kara ɗaya, kiran bidiyo yana tsayawa, murya tana yayyankewa, ana cikin magana mai muhimmanci sai fuskar mutum ta daskare. To shine na sayo wannan don a kwalin an rubuta yana aiki a matsayin rifita, wato ya kamo waifai ɗin babban rauta ta iska ya sake yaɗa shi, ba ruwanka da jan waya.

Saitin farko gaskiya ba wahala, minti goma na gama, ka haɗa wayarka da shi, ka buɗe burauza ka shiga shafinsa, ka zaɓi rifita, ya nuna maka netwok ɗin da ke kusa ka zaɓi naka ka sa kalmar sirri shikenan. Na ɗauke shi na kai ɗakin aikin na jona, wayata ta nuna sigina cike fal, wallahi naji daɗi sosai a lokacin. Ina buɗe bidiyo sai ga da'irar nan tana ta juyawa, na gwada gudu sai naga 3, wani lokacin 4, wato bai fi yadda nake da ba, in ma bai fi muni ba.

Anan ne nake ganin mutane da yawa suke ruɗewa kamar yadda na ruɗe. Karan siginar da kake gani a waya labarin tsakanin wayarka da rauta na biyu kawai suke baka, ba su san komai ba game da tsakanin rauta na biyu da na farko, kuma can ne matsalar take. Na ajiye shi a ɗakin da sigina ba ta kaiwa, to me zai kamo? raunanniyar siginar nan da wayata take fama da ita shi ma ita yake samu, sai ya sake yaɗa ta da ƙarfi, a ido kamar an gyara amma abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Takardar da ta zo a kwalin ko layi ɗaya bata yi a kan wannan ba, hoto kawai suka zana na gida da da'irori masu kyau, kuma wannan ya bani haushi don shine abu na farko da ya kamata a gaya wa mai saye.

Na sauke manhajar nan ta duba waifai wadda take nuna ƙarfin sigina da lamba, dBm ake ce masa, lambar tana da alamar ragi a gaba kuma duk yadda ta matso kusa da sifili to sigina ta fi kyau, -50 lafiya lau ne, -67 za ka yi kiran bidiyo ba damuwa, in ta kai -80 kuwa sai haƙuri. Na dinga tafiya da wayar a hannu har na samu wuri a koridon tsakiya inda siginar babban rauta take wajen -60, nan na jona shi. Abin ya gyaru, ɗakin aiki ya koma samun 12 zuwa 15. Amma ya tsaya nan, duk juya eriyar da na yi bai ƙara komai ba.

Dalilin kuwa a ginin na'urar yake, ba wai ta lalace ba. Rediyo ɗaya ne a cikinsa, na 2.4 GHz, kuma waifai kamar oba-oba yake, ba a magana da sauraro a lokaci ɗaya a tasha ɗaya, tasha kuwa ita ce hanyar da siginar take bi a iska kamar tashar rediyo. Duk wani ɗan bayani sai ya tsaya ya karɓa daga babban rauta, sannan ya juyo ya maimaita wa wayarka a kan wannan tashar dai, kenan komai sau biyu yake ratsa iska, shi yasa gudu yake raguwa kusan rabi ko da ka ajiye shi a wuri mafi kyau. Abin da ma ya fi damuna shine sauran mutanen gida da ke kan 2.4 a falo suka fara ƙorafi cewa nasu ma ya yi nauyi, kuma gaskiyarsu ne, tunda dole rifita ya zauna a tasha ɗaya da babban rauta, duk lokacin da yake maimaici su kuma jira suke. Ita kuma 300 ɗin da aka rubuta a kwali lissafin takarda ne na 300 Mbps a tsarin waifai mai suna 802.11n wanda aka amince da shi tun 2009, sai an buɗe faɗin tasha zuwa 40 MHz kuma komai ya daidaita, ba gudun da za ka gani a gwaji bane ko kana zaune a gabansa.

Na kusa mayar da shi kwali a nan. Sai nace bari dai in gwada abin da nake gudu tun farko, jan kebul. Na samo kebul ɗin netwok irin Cat5e na bi da shi ta gefen bango har ɗakin, irin wannan kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba don haka tsawon gida ba komai bane a wurinsa, sai dai in za ka saya ka nemi na tagulla zalla, akwai wanda alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama, CCA ake rubutawa, yana saurin karyewa a ciki.

Da farko na sa kebul ɗin a ramin WAN, wato ramin shigowar intanet mai launi daban ɗin nan, intanet ya zo kuma da gudu, amma sai laftof ɗina ya daina ganin firinta da ke falo, kuma daga falo ba a iya tura bidiyo zuwa talabijin ɗin da ke haɗe da sabon rauta. Ashe in ka shiga ta WAN yana kan tsarin rauta to gida biyu ka raba, kowanne da nasa jerin adireshin, NAT biyu kenan ɗaya a bayan ɗaya, wato kowane rauta ya ɓoye kayansa a bayan nasa adireshin, kayan wannan ɓangaren ba sa ganin na wancan yadda ya kamata, masu buga gem ta intanet ma suna shan wahala da wannan. Sai na mayar da kebul ɗin ramin LAN, wato ramin haɗa kayan cikin gida, amma ban kashe DHCP ɗinsa ba, wato sashen da yake raba wa na'urori adireshi, to kwana biyun nan sune mafi cin rai, waya ta haɗu ta rubuta an haɗa amma babu intanet, ka kashe ka kunna ta dawo, an jima wata wayar ta kama nata. Rauta biyu ne suke rige-rigen raba adireshi, duk wayar da na biyun ya riga amsa mata sai ya nuna mata kansa a matsayin ƙofar fita, alhali shi ba shi da hanyar waje. Ƙari a kan haka duka biyun 192.168.1.1 suke amfani da shi, in na rubuta a burauza wani lokacin shafin wannan ya buɗe wani lokacin na wancan.

Yadda na warware shi, na cire kebul ɗin tukuna, na haɗa laftof da ƙaramin shi kaɗai, na canza adireshinsa zuwa 192.168.1.2, na tabbatar babban rauta baya raba wannan lambar ga kowa, na kashe DHCP, sannan na mayar da kebul LAN zuwa LAN. Daga baya da na sabunta manhajar cikinsa naga ashe akwai zaɓin AP, wato ya karɓi intanet ta kebul ya yaɗa waifai kawai, wanda yake yin duk wannan da dannawa ɗaya, yana ɓoye a can ƙarƙashin wani shafi, don haka dan Allah in naka yana da shi ka fara da shi. Ina gama wannan ɗakin aiki ya haura 30, kusan abin da nake samu a falo, kuma na'urar nan ce dai da nake shirin jefarwa.

Sauran gyaran ƙanana ne amma kowanne na ga amfaninsa. Duka biyun na barsu su zaɓi tasha da kansu sai na tarar sun haɗu a 6, ga na maƙwabta ma da yawa a wurin, a 2.4 kuwa tasha uku ne kawai basa shiga juna, 1 da 6 da 11, sai na kafe babban a 1 ƙaramin a 11, wannan damar ma kebul ne ya bani ita don a rifita ba za ka iya raba su ba. Faɗin tasha na mayar da shi 20 MHz, a takarda kamar ka rage gudu ne amma a wurin da netwok suka yi yawa 40 ɗin hayaniya kawai yake kwasowa. Sannan tsaro, ya zo a kan gauraye har da TKIP, tsohon tsarin kulle waifai ne kamar WEP, kuma in na'ura ta haɗu ta TKIP ko WEP gudunta baya wuce 54 Mbps ko a takarda, na mayar WPA2 da AES kawai, waɗanda suka fi su sabunta. Kuma kar a ajiye shi bayan talabijin ko cikin kabad na ƙarfe ko jikin babban madubi, ko kusa da maikurowef, shi ma a wajen 2.45 GHz yake aiki, kana kunna shi za ka ji a kiranka.

Akwai abu ɗaya da har yau bai gama gyaruwa ba kuma ina so in faɗe shi ƙarara. Na sa musu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya don waya ta dinga sauyawa da kanta, tana sauyawa ɗin amma ba kullum ba, sai in taso daga falo in zauna a ɗaki dab da ƙaramin rauta amma wayar tana nan maƙale da na falo da kara ɗaya, saboda wayar ce take yanke shawarar sauyawa ba rauta ba, kuma wannan ɗin bashi da tsare-tsaren 802.11k ko v ko r da suke taimaka wa waya ta gane akwai na kusa da ya fi kuma ta sauya da sauri. Na rage ƙarfin watsawar babban a 2.4 zuwa matsakaici, abin ya ragu sosai don waya tana saurin sakinsa, amma wani lokacin har yanzu sai na kashe waifai na kunna, in kuma ina cikin kira na taso daga wannan ɗaki zuwa wancan to akwai ɗan yankewa na sakan biyu ko uku.

Game da na'urar kanta, baya zafi sosai, a wata ukun nan sau biyu kawai na taɓa kashe shi na kunna, shafin saitinsa yana buɗewa da sauri a waya. Wayar cajarsa gajera ce ƙwarai, wanda hakan yana takura ka wajen zaɓar wuri, kuma wuri shine komai a wannan harka. Ramukansa duk 10/100 ne, wato iyakarsu 100 Mbps, kenan ko da kebul ba za ka wuce casa'in da 'yan kai ba, ni bai dame ni ba don layina bai kai can ba, amma mai layin 200 ko 300 Mbps asara zai yi, ya nemi mai ramin gigabit, wato 1000 Mbps, kuma mai 5 GHz, ɗaya zangon waifai ɗin da ya fi 2.4 gudu. Rashin 5 GHz ɗin ma ina jinsa da daddare lokacin da kowa a kewaye yake kan intanet, gudu yana ɗan sauka.

To in za ka iya jan kebul, kuma buƙatarka kiran bidiyo ne da karatu da kallo a ɗaki ɗaya ko biyu da sigina bata kaiwa, ka saya hankalinka kwance, a tsarin AP zan bashi huɗu cikin biyar, ɗayan da na cire saboda takardar bayaninsa ne da maƙalewar waya. A tsarin rifita biyu zan bashi, kuma biyun ma sai ka same masa tsakiyar hanya inda sigina take da ƙarfi. In kuwa gidan haya kake ba a yarda ka huda bango ba, ni da zan sake zaɓa da na tara na sayi mesh, wato saitin na'urorin waifai da suke aiki tare kamar guda, mai rediyo na daban da na'urorin suke magana da juna ta kansa, ko a ƙalla rifita mai zango biyu da zai kamo ta 5 GHz ya watsa ta 2.4, don kada rediyo ɗaya ya ɗauki aikin biyu. Kafin ma ka sayi komai, ka tsaya kusa da babban rauta ka gwada gudu, in da hali da kebul a laftof, in a nan ma ƙasa yake to matsalar daga layinka ce ko shi babban, rauta na biyu ba abin da zai ƙara maka.