Manhajar Tracker wajen auna gogayyar boris da bidiyo

Tracker manhaja ce ta kwamfuta da ake bin motsin abu da ita a cikin bidiyo, hoto bayan hoto, har ta fitar da matsayinsa da saurinsa a cikin lambobi. Douglas Brown ne ya rubuta ta, tsohon malamin fiziks a kwalejin Cabrillo da ke jihar Kalifoniya a Amurka, a ƙarƙashin shirin Open Source Physics. Kyauta ake sauke ta, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Na gwada ta a kan aiki guda, wato auna gogayyar da ke cikin boris ta hanyar duba yadda lilo yake mutuwa, kuma a wannan aikin ta gamsar da ni, sai dai da sharaɗi.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Boris mai lamba 608, wanda raminsa milimita 8 ne, faɗinsa na waje milimita 22, kaurinsa kuma milimita 7, ana cusa shi a saman sandar ƙarfe, a ɗaura nauyi a ƙasanta, a manna ɗigon takarda mai haske a jikin nauyin, sannan a kafa rula a gefe domin manhajar ta san tsawon santimita a cikin hoton. Da an ja lilon an sake shi, wayar da aka kafe wuri ɗaya ta ɗauka, sauran aikin na Tracker ne. Sashenta mai bin ɗigo da kansa shi ne abin da na fi yaba wa, domin da zarar an nuna masa ɗigon a hoton farko, yakan bi shi cikin ɗaruruwan hotuna, alhali yin hakan da hannu aiki ne mai cin rai.

Amfanin manhajar na gaskiya yana cikin siffar zanen da take fitarwa na yadda lilon yake kai da komo a tsawon lokaci. Idan gogayyar busasshiya ce, irin wadda ƙarfinta ba ya canzawa da sauri, faɗin lilon yana raguwa da adadi ɗaya a kowane zagaye, ƙololuwan zanen su jeru a kan miƙaƙƙen layi, sannan lilon ya tsaya cak. Idan kuwa kaurin giris ne yake cin ƙarfin, raguwar takan yi yawa da farko, ta riƙa sassautawa, zanen ya lanƙwashe yana jan wutsiya. Agogo ba zai nuna wannan bambancin ba, domin shi lokacin tsayawa kawai yake faɗa. Na kwatanta boris mai murfin ƙarfe, wato ZZ, da mai murfin roba, wato 2RS, kuma na robar ya fi saurin kashe lilon, ƙololuwansa suka fi kusa da miƙaƙƙen layi, abin da ya dace da yadda leɓen robar yake goga zoben ciki.

Daga nan lissafin gajere ne ga lilo mai ƙaramar kusurwa: a ninka nauyin lilon a kilo da 9.8 (adadin jan ƙasa), da nisan tsakiyar nauyinsa daga boris a mita, da raguwar kusurwa a zagaye ɗaya a ma'aunin radiyan (digiri 1 kimanin radiyan 0.0175 ne), sannan a raba da 4. Misali, lilo mai rabin kilo, wanda tsakiyar nauyinsa take santimita 30 daga boris, idan yana asarar digiri 1 a kowane zagaye, ƙarfin murɗawar da gogayya take yi ya kai kimanin 0.0064 na niyuton-mita.

Inda manhajar take ba da wahala shi ne wajen bidiyon waya. Wayoyi da yawa ba sa ajiye hotuna a tazarar lokaci daidai, wasu kuma suna adana bidiyo a tsarin HEVC, wanda ya ƙi buɗuwa a kwamfutata sai da na juya shi zuwa tsarin H.264 da manhajar HandBrake. Bidiyon da aka ɗauka da hoto 120 ko 240 a sakan ya fi kyau, amma wajibi ne a duba adadin da manhajar ta karanta a gyara shi, in ba haka ba duk lissafin lokaci ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Ƙarancin haske ma yana sa ɗigon ya dusashe daidai ƙasan lilon inda sauri ya fi yawa, a nan ne mai bin ɗigon yakan ɓata hanya. Haka kuma, duk wanda yake son daidaita zanen da lissafin busasshiyar gogayya, shi ne zai rubuta lissafin da kansa, kuma wanda bai saba ba zai daɗe yana laluben inda ake yin hakan.

Akwai iyakar da ba laifin Tracker ba ce. Lilo yana juya boris a hankali, gaba da baya, da nauyi kaɗan, saboda haka sakamakon ba zai faɗi yadda boris ɗin zai yi a cikin injin da ke gudu da zafi ba, kuma iska ma tana da nata kaso a raguwar idan kusurwar ta yi girma. Ga ɗakin gwaji na makarantar sakandare ko kwalejin fasaha, da kuma mai son kwatanta boris biyu ko giris iri biyu, ina ba da shawarar a yi amfani da ita, a ɗauki bidiyon a waje da rana, wayar tana fuskantar lilon kai tsaye daga ɗan nesa.