Saitin tiyon AN-12 a tsohuwar Porsche 911: taya na samun wuri, amma ɗaurin na da sharuɗɗa

Mai Porsche 911 samfurin SC ko Carrera 3.2 da ya cire tayar baya mai lamba 225/50 ya sa 245/45 a kan rim mai faɗin inci 9 ya san inda gizo ke saƙar. A ɓangaren hagu da sauƙi. A dama kuwa, cikin madigadin baya, akwai tamostat (na'urar da ke buɗe wa mai hanyar zuwa wurin sanyaya shi in ya yi zafi) a gaban taya, tankin baƙin mai a bayanta, ga layukan mai biyu: ɗaya daga inji zuwa tamostat, ɗaya daga tamostat zuwa tanki. Gefen taya na ciki su yake goga, musamman a kwana ko an faɗa rami.

Saitin da ake sayarwa don wannan matsala tiyo ne mai saƙar ƙarfe a waje, girman AN-12 (AN tsarin awon tiyo da zarensa ne), da kawunan tiyo na alminiyam da mahaɗai masu juya zaren Porsche na M30x1.5 zuwa na AN. Kayan suna da kyau, aikinsu suna yi. Sai dai kada a ɗauka siririn abu ne, kaurinsa ya kai kusan milimita 24. Ribarsa ita ce yana lanƙwasuwa, ana iya ɗaga shi sama a manna shi da jikin mota inda taya ba ta kai wa.

Wahalar tana wajen kwance tsohon layi. Notin ƙarfe ne a kan zaren alminiyam na tamostat, sun shekara talatin ko arba'in a haɗe cikin laka da ruwa. Wanda ya ɗora sifana mai milimita 36 ya danna da ƙarfin tsiya, noti zai fito da zaren a cikinsa, ka ga farin gari na zuba, shi ke nan sai sabon tamostat. A jiƙa shi da man kwance tsatsa na kwana biyu, a ɗan gasa notin, a riƙe jikin tamostat da kyau. In ya ƙi, a tsaga notin da ƙaramar giranda a wurare biyu ba tare da an taɓa zare ba, a buɗe shi da kurfi. Tunda za a jefar da tsohon layin, asarar noti ba komai ba ce.

Wajen ɗauri ma akwai tarko. Kan AN yana rufewa ne da bakinsa mai karkatar digiri 37, don haka ba a naɗa masa farin tef a zare. Ɗigon mai a zaren ya isa, a fara da hannu, sannan sifana. Matsewar da ta wuce kima na tsaga bakin.

Babban aibin saitin shi ne ƙarancin maɗaurai. Saƙar ƙarfen nan zarto ce: duk abin da ta jingina da shi, fenti ko waya ko bututun birki, za ta ci shi a hankali. A ƙara maɗaurai masu roba a ciki, ɗaya a kowane santimita 20 zuwa 30, a kuma sa rigar hana zafi inda tiyon ya kusanci salansa. Lanƙwasa mai tsanani tana matse cikinsa, gara a yi amfani da kai mai digiri 45 ko 90. Gajeren tiyo mai kauri da ke kai mai daga tanki zuwa inji kuwa a bar shi yadda yake. Zuƙa ake yi ta nan, ƙarami zai sa inji ƙishirwa.

Gwaji: a mayar da taya, a ɗaga hannun tayar da jak iya inda zai kai, a tabbatar yatsa na shiga tsakanin taya da tiyo a ko'ina, don roba na motsawa a kwana fiye da yadda ake gani a tsaye. A shafa alli a tiyon, a zaga, a dawo a duba ko ya goge.

Yoyo ba ya bayyana duka sai mai ya kai wajen digiri 83 na Salsiyas, lokacin da tamostat ke buɗe hanyar zuwa masanyayar mai da ke gaban mota. A nan ake duba kowace mahaɗa, a kuma auna mai inji na silo a wuri madaidaici, kamar yadda ake yi wa kowace 911 mai sanyaya da iska. In taya a bakin madigadi na waje take goga, wannan saitin ba zai yi maganinta ba.