Shagon fotokwafin SUG ɗinmu: araha kam akwai, rasit ne babu

Duk mai neman inda zai buga handawut ko asayimen a cikin makaranta ba tare da an yanke shi ba, shagon da ƙungiyar ɗalibai, wato SUG, ta buɗe a gefen ofishinsu ya fi na bakin get sauƙi, wannan kam ba gardama. Su ma na bakin get ɗin ba za ka ga laifinsu sosai ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, ga takarda ta yi tsada, ga tona (garin tawadar injin), kuma da janareta suke wuni. 'Yan SUG sola suka sa, kuma ba sa biyan haya, shi ya sa ko an ɗauke wuta aiki na tafiya. Ga wanda ke lallaɓa dubu 20 ɗin NELFUND, asusun ba ɗalibai rance, ta kai shi ƙarshen wata, wallahi rangwamen nan ba ƙarami ba ne.

Aikin nasu ba laifi da safe. Da yamma in tona ta fara ƙarewa rubutun sai ya fito dishi-dishi, kuma ba sa canzawa sai an yi ta surutu. Lokacin jarrabawa layi har waje, nan ne kuma za ka ga yaran da suka yi musu kamfen suna shigowa ta gefe, ana “Kwamared, Kwamared” an karɓi nasu an bar ka a tsaye.

Amma abin da ya fi damuna kuɗin ne. Ka ce za ka yi taransifa, sai a ba ka akawun ɗin wani yaro da sunansa, ba na ƙungiya ba, rasit kuwa ko a wasa. To jama'a, injinan nan fa da kuɗin ƙungiya da muke biya wajen rajista aka saye su, daraktan walwala da sakataren kuɗi da ma'aji mu muka bi layi a rana muka zaɓe su, amana ce aka ba su ba gadon gidansu ba. Majalisar wakilan ɗalibai ita ya kamata ta tsare su su kawo lissafi, nawa ya shiga nawa aka kashe a takarda da gyara, amma wakilin sashenmu da na tambaye shi cewa ya yi “ai ana kan haɗawa”. Kuma wa'adinsu shekarar karatu ɗaya ce tal, kafin a gama haɗawar sun miƙa mulki sun tafi NYSC, sababbi su zo su ce haka suka tarar. Ban ce wani ya ci ko sisi ba fa, cewa na yi ba wanda zai iya nuna bai ci ba, ko takarda ɗaya su dinga mannawa a allon sanarwa duk ƙarshen wata ai ta wadatar.

In za ka je ka je kafin lakcar takwas, ka tura musu fayil ɗinka PDF ta WhatsApp, kar ka kuskura ka soka filas ɗinka a kwamfutar nan don bairos ya mata katutu. Furojet na ƙarshe kuwa mai bango mai kauri, gara ka hau keke ka shiga gari wajen Wunti, gam ɗin 'yan SUG ba ya riƙewa.