Na'urar Awon Hawan Jini Ta Gida: Yadda Na Same Ta

Saboda Baba na sayi wannan na'ura, don shi da zarar ciwon kai ya lafa sai ya ajiye maganinsa na hawan jini. Irin wadda ake ɗaurawa a damtse na ɗauka, mai batir huɗu, domin likitansa ya ce ta wuyan hannu ba ta cika faɗin gaskiya ba.

Wallahi ta biya kuɗinta. Wata safiya Baba ya tashi garau yana cewa, "Kai, rabu da ni da ƙwayoyin nan, lafiyata ƙalau." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a gwada." Ta nuna 168/102. Ya ce ƙarya take yi, aka jira minti ɗaya aka sake, kusan haka ta maimaita. Abin da muka yi ta fama a kai da baki, lamba ta warware shi. Hawan jini galibi ba ya sallama, yana nan yana cin zuciya da ƙoda har ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye.

Aiki da ita ba wuya, maɓalli ɗaya ne, amma zaman yana da ƙa'ida. A huta minti 5, a jingina baya, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu bisa tebur daidai da ƙirji, ban da magana. Goro ne ya fi ba mu wahala, tunda ana so a yi minti 30 ba goro, ba kofi, ba taba. Awon gida idan yana kai 135/85 ya hau, a asibiti kuma 140/90 ne. In ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji ko harɗewar harshe, asibiti za a nufa nan take.

Inda ta gaza shi ne maɗaurin. Nata na damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne, ya yi wa Hajiya kaɗan, ƙaramin maɗauri kuwa ƙara lamba yake yi. Dole muka nemo babba da kuɗi daban. Wanda zai saya ya auna damtsen da tef ɗin tela tukuna, sannan ya kai na'urar asibiti a gwada ta da tasu kafin ya dogara da ita.