Gargaɗi ga masu mota a Zariya: mai sa "gilashin roba" ya ci min N385,000

Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, yau dai na ce ko me za a faɗa a kaina a faɗa. Akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Kwangila, PZ da Sabon Gari, yana cewa yana cire gilasan ƙofofin mota ya sa na roba wanda ɓarawo ba ya iya fasawa. Ɗan damfara ne. Ya ci min N385,000. Naira dubu ɗari uku da tamanin da biyar, kuɗin da na tara tun bara don in yi wa ɗakunan baya rufi kafin damina. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da gilasaina huɗu masu lafiya ya tafi da su, ɗaya daga ciki ko wata guda bai yi a jikin motar ba.

Ba zan rubuta sunan da ya ba ni ba, don na gano ba nasa ba ne, kar in je in shafa wa wani bawan Allah kashin kaji. Za ku gane shi da abu biyu: kullum cikin wankakkiyar shadda yake, kuma a but ɗin motarsa akwai guduma da wani yankin roba mai haske, faɗin faranti.

Kafin wani ya ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji. Ban je neman banza ba, ba wanda ya yi min alkawarin riba. Shekara 19 ina tuƙi, na san garejin garin nan, ba a taɓa sayar min da jabun kaya na karɓa ba. Sau biyu aka fasa min mota cikin wata biyar. Na farko a watan Agusta, bakin kasuwar Sabon Gari, na shiga sayayyar da ba ta kai minti ashirin ba, na fito na tarar da gilashin baya a zube kan kujera kamar gishiri, kwamfutar ofis ta tafi. Na biyu a watan Disamba a PZ, na fito daga banki na tsaya sayen magani. Jakar da suka ɗauka ba komai a ciki sai caja da takardun mota, amma wahalar sake takardun nan ni na san ta. Gilashin gefe gasasshe ne, an yi shi ne don ya marmashe in ya fashe, kar ya yanki mutum. Ɓarayin sun san haka, ɗan guntun farin tangaran na jikin fulogi ya ishe su, ko ƙara mai ƙarfi ba za ka ji ba. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu, in aka ce masa ga magani, dole ya saurara.

A garejin bakanikena na gamu da shi, ranar da na je sa gilashi na biyu. Yana zaune kan benci yana shan ruwan leda, yara suna gaishe shi. Ya dubi motar ya ce, "Alhaji, sau nawa ke nan?" Na ce biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kiyaye na gaba. Zo ka ga wani abu." Ya buɗe but, ya fito da robar nan, ya ɗora ta kan bulo biyu, ya miƙo min guduma. Bai buga da kansa ba. Ni ya miƙa wa. Ya ce, "Buga da iya ƙarfinka, in ta tsage zan biya ka kuɗin gilashin da ka sa yau." Na buga. Gudumar ta yi tsalle ta dawo har kafaɗata ta amsa. Na sake, na sake. Sau uku, a gaban mutane, ba ko tsaga, sai ɗan farin tabo. Wallahi har yanzu in na kwanta ƙarar gudumar nan nake ji. Da hannuna na buga, da idona na gani, to a gaya min wane ne zai ga haka ya ce ƙarya ce?

Ana cikin haka aka kira La'asar. Shi ya cika buta ya miƙo min. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗa da kafaɗa.

Kuma ban biya a ranar ba, ina so a san wannan. Na koma gida na yi bincike a intanet har kusan ƙarfe ɗaya na dare. Abin da ya faɗa gaskiya ne, akwai roba mai suna folikabonet, da ita ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma, da ita ake rufe fitilun gaba na yawancin motocin zamani, masu motocin tsere ma suna sa ta a tagogi saboda ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa da sauƙi. Na ga bidiyo ana dukanta da guduma kamar yadda na yi. Robar da ya ba ni na buga ta gaske ce. Ba a nan ya cuce ni ba. Ya nuna min wata, ya sa min wata daban.

Ya ce ƙofa huɗu N385,000, mai kaurin milimita 6, mai rufin hana ƙarzuwa da hana rana. Da farko ma 420,000 ya ce, na taya, muka tsaya a 385,000, har ina ganin na yi ciniki. Na tura 150,000 kafin alƙalami. Sunan asusun ya fito daban, na kira shi, ya ce na ƙaninsa ne, nasa yana da matsala. Sai 100,000 ranar aiki, a hannu na ba shi. A'a, kafin nan akwai 135,000, ya kira ni da daddare cewa kaya sun iso Kano, dillali ya ƙi saki sai an cika masa, ya ce in je wurin mai POS in tura. Na tashi na je. 150,000, 135,000, 100,000. Ku haɗa. N385,000. Rasit ɗin da ya ba ni mai hatimi ne, da adireshin shago a jiki, kuma da na je neman shagon daga baya sai na tarar da mai sayar da katifa wanda bai taɓa jin labarinsa ba.

Maman yara ta ce min, "Abban Khalifa, ka tambayi wani mai gilashi tukuna mana." Na ce mata na gwada da hannuna. Haka na ce mata. Yau in muka haɗa ido ba ta cewa komai, shirun nan ya fi min ciwo.

Ranar aiki, a watan Janairu, ya ce ba a garejin bakanikena za a yi ba, kayan yankan suna can wani kango wajen Dogarawa, in bar motar da safe in dawo bayan Magariba. Ya ce aikin ba ya son ƙura da idon mutane. Na dawo cikin duhu, ya haska min da fitilar waya, ga tagogi suna ƙyalli. Na ƙwanƙwasa da yatsa na ji roba ce. Na ce a kawo guduma, ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, gam bai bushe ba. Kwana bakwai kar ka sauke, kar ka wanke, kar ka taɓa." Na tambayi gilasaina, ya ce, "Bar su in naɗe maka a kwali, gobe yaro zai kawo har gida." Kwana bakwai ɗin nan ashe na guduwa ne. Yaro bai zo ba. A kwana na uku yana ɗaukar waya yana cewa yana Kaduna, a na biyar ya daina ɗauka, a na bakwai layin a kashe, hoton da ke WhatsApp ɗinsa ya ɓace.

Na tsallake wani abu. Da na koma wurin bakanikena na ce ina mutuminka, sai ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, ai na ɗauka baƙonka ne." Shi ya zaci tare muke, ni na zaci ɗan gida ne. Kwana biyu kawai ya yi yana zama a bencin, yana saya wa yara abinci, shi ya sa suke gaishe shi. Bencin nan da butar nan duk shiri ne.

A kwana na takwas na sauke na gefen direba. Injin ɗaga gilashi ya yi gurnani ya tsaya a rabi. Gilashin mota a lanƙwashe yake, shi kuwa shimfiɗaɗɗiyar roba ya yanka ya ɗan gasa ta da wuta ya cusa. Cikin sati biyu injina biyu suka ƙone. Ga ƙurar hunturu, tana shiga tsakanin robar ƙofa da tagar, duk saukewa da ɗagawa sai ta bar layi, har tagar ta koma kamar an goge ta da soson ƙarfe. Da daddare in fitilar wata mota ta haska, madubin gefe ba ya ganuwa sam. Saura ƙiris in kwashe mai Keke Napep a shataletalen Ƙofar Doka, da yarana a baya. Da zafi ya shigo a watan Maris, ta baya ta yi ciki ta buɗe daga sama har yatsa yana shiga. Sannan ranar wata Juma'a ɗana ya rufe ƙofa da ɗan ƙarfi, ba duka ba, ba jifa ba, rufe ƙofa kawai, sai ta tsage daga ramin ƙusa har sama, ta ɓalle gida uku masu kaifi kamar wuƙa. Abin da aka ce guduma ba ta fasawa. N385,000.

Na ɗauki guntun na kai wa wani dattijo mai yin allunan talla a Sabon Gari. Bai ko juya shi sau biyu ba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai irin tamu ce, da ita muke yin allon shago." Akirilik ce, wadda aka fi sani da Perspex. Ya auna, milimita 3. Ya kama siririn yanki da filaya ya lanƙwasa, ta karye ƙas. Ya ɗauko ragowar folikabonet ta gaske daga ƙarƙashin tebur, ya lanƙwasa har ta ninku, ba ta karye ba. Ya nuna min bakinsu a hasken rana: na akirilik fes yake kamar ruwa, na ɗayar da ɗan duhu-duhu. Gwajin da bai ɗauki minti biyu ba. Ya ce a ƙiyasinsa duk robar da ke jikin motata ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya ba. Na tsaya a shagon bawan Allah nan kamar an dasa ni, zufa tana karyo min.

Wani abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne maganar mai gilashin da nake zuwa wurinsa tun da. Ya ce, "Alhaji, gode wa Allah da ta jabu ce. Da ta gaske ce fa? Allah ya kiyaye, mota ta kife a hanyar Kaduna ko ta Kano, ƙofofi sun maƙale, wuta ta tashi, da me za a fito da kai da iyalinka? Gilashin gefe ake fasawa." Ya ce ko ta gasken in ba ta da rufi mai kyau tana ƙarzuwa, rana kuma tana mayar da ita ruwan ɗorawa, in dubi tsofaffin fitilun gaba in gani. Ban yi wannan tunanin ba, na yarda. Amma shi mutumin da ya kira kansa gwani, wanda na tambaye shi sau biyu ko akwai illa, cewa ya yi babu ko ɗaya. Ya dubi idona ya faɗa, da damshin alwala a fuskarsa.

Wasu a unguwa suna cewa ai da na tambaya. Na tambaya. Na yi bincike, na taya, na karɓi rasit, na gwada kaya a gaban shaidu. Me ya rage wanda mai hankali zai yi? Abu ɗaya na bari, ban tsaya a kan aikin ba, kuma shi ma don ya ce min ƙura za ta ɓata gam ne. Ba ni kaɗai ba ne kuma. Tun da na fara faɗa wa mutane na samu wani malami daga Samaru da wata Hajiya daga Tudun Wada, duk gudumar nan ya miƙa musu, duk kwana bakwai ya ba su, duk bai dawo musu da gilasansu ba. Hajiyar ta ce har kuka ta yi. Mun kai ƙara tare, mun ba da lambar asusun da rasit, muna jira.

Kar ku cire gilashinku. Kar ku bar jaka a kan kujera, ko da babu komai a ciki. Duk wanda ya miƙo muku guduma, ku ce a yanko daga wadda za a sa muku, a gabanku. In sunan asusu ya fito daban, kar ku tura.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp, da shaidar tura 150,000 da ta 135,000, da rasit ɗin ƙarya, da hoton robar da ta tsage, duk suna wayata. Zan sa su yau bayan Isha'i in na gama rufe lambobin mutane. Na 100,000 ba ni da shaida don a hannu na ba shi, a cikin duhun kangon nan, ya ƙirga sau biyu ya ce Allah ya amfana. Wanda ya gan shi a wani gareji, ko aka kawo masa gilasan Corolla huɗu a watan Janairu, ɗaya sabo da alamar alli a kusurwa, don Allah ya turo min saƙo. Motar tana ƙofar gida yanzu, tagar baya leda ce da salatif, hadari ya fara haɗuwa, ɗakunan baya kuma ba rufi.