Shafin IMF na Ƙimar SDR: Yadda Na Same Shi a Wajen Aiki

Ni akawu ne a wani kamfanin shirya tafiye-tafiyen Umara a Kano, kuma abin da ya kai ni shafin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, yake wallafa ƙimar SDR (ma'aunin lissafin kuɗi na asusun) kowace ranar aiki shi ne akwatin wata Hajiya da ya ɓata a hannun wani kamfanin jirgin sama. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya take cikinta, da SDR ta ƙayyade iyakar diyyar kayan fasinja, kuma tun daga ranar 28 ga Disamba, 2024 iyakar ta kai SDR 1,519. Hajiya ta tambaye ni, "Ɗana, nawa ke nan a kuɗinmu?" Dole na je na lissafa.

SDR kadara ce ta ajiyar ƙasashe wadda IMF ya ƙirƙira a 1969, ba a buga takardarta, ba a kuma sayen kaya da ita a kasuwa. Da farko da zinare aka auna ta, sai a 1974 aka koma auna ta da kwandon kuɗaɗen ƙasashe 16. Yanzu biyar ne a kwandon, kuma bisa rabon da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2022, dalar Amurka tana da kashi 43.38 cikin ɗari, yuro 29.31, yuwan na Sin 12.28, yen na Japan 7.59, fam na Ingila kuwa 7.44.

Abin da ya fi burge ni a shafin shi ne bai ɓoye lissafinsa ba. Teburi ne ɗan ƙarami mai layi biyar, kowane layi yana nuna adadin kuɗin da aka ɗaure a kwandon, da canjinsa na ranar a kasuwar Landan da tsakar rana, da abin da ya kama a dala. Adadin ba ya motsi har sai an sake bita, wanda ake yi duk shekara biyar: dala 0.57813, yuro 0.37379, yuwan 1.0993, yen 13.452, fam 0.080870. Canjin ne kaɗai yake sauyawa, shi ya sa kason kowane kuɗi yake ɗan hawa da sauka. Na ɗauki biro na tara layukan da kaina, jimlata ta yi daidai da tasu, kuma wannan ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuta adadin a takardar neman diyya.

Akwai wurin da mai gaggawa zai iya zamewa. Yuro da fam an rubuta su ne a matsayin dala nawa ke sayen ɗaya, alhali yen da yuwan an rubuta nawa ne ke sayen dala ɗaya, don haka na farko ninkawa ake yi, na biyu kuwa rabawa. Bayanin yana nan da ƙananan haruffa a ƙasan teburin, kuma a ganina ya cancanci a ɗaga shi sama. Sannan teburin a dala yake tsayawa, sai mutum ya nemo canjin Babban Bankin Najeriya kafin ya isa ga naira.

Duk da haka ina ba da shawarar shafin ga duk mai hulɗa da Bankin Raya Musulunci ko Bankin Raya Afirka, domin dinarin lissafi na farkon da ma'aunin lissafi na biyun kowannensu daidai yake da SDR ɗaya. Kyauta ne, ba ya buƙatar rajista, ana kuma iya duba ƙimar kwanakin baya. Ita Hajiya na gaya mata cewa iyakar wajen dala 2,000 ce, na kuma roƙe ta ta nemo rasidan kayan da ta sayo a Madina, domin kamfanin jirgin ba zai biya fiye da asarar da aka tabbatar ba.