Manhajar atisayen gyaran jimlar Turanci: yadda ta koyar da past perfect

Manhajar waya ce ta atisayen nahawun Turanci, kuma tsarin tambayoyinta irin na sashen gyaran jimla ne da jarrabawar GMAT, ta neman shiga karatun gaba da digirin farko a fannin kasuwanci, ta daɗe tana yi kafin a cire shi a sabon tsarin da aka fara a ƙarshen 2023. Za a ba ka jimla an ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata, sai zaɓi biyar, na farkon maimaicin yankin ne ba canji. Na yi aiki da rukunin past perfect, wato sigar aikatau mai nuna abin da ya riga ya faru kafin wani lokaci a baya, daga farko har ƙarshe, kuma a kansa kaɗai wannan sharhin ya tsaya.

Wajen koyar da ginin kansa, babu abin kushewa. Had ne, sannan siga ta uku ta aikatau: had gone, had written, had begun. Tana dasa tarkon had went da had began a cikin zaɓuɓɓuka sau da yawa har ido ya saba kama su. Ta kuma yi bayanin had had da kyau, cewa na farkon mataimaki ne, na biyun kuma shi ne ainihin aikatau, kamar a She had had a fever before the trip. Ɗalibai da yawa suna goge ɗaya don suna zaton kuskuren bugu ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne layin lokaci da take zanawa bayan kowace amsa. A jimla irin By the time Columbus sailed in 1492, Norse sailors had reached North America, za ta ɗora digo a kan 1492, ta ɗora wani kafinsa wajen shekara ta 1000, ka gani da idonka dalilin da ya sa reached ya ɗauki had, sailed kuma bai ɗauka ba. Haka nan ta rarrabe no sooner had… than da hardly had… when, inda had ke zuwa kafin mai aikin. A jimlar sharaɗi kuma ta nace cewa If he had studied, he would have passed ake cewa, would have ba ya shiga ɓangaren if.

Matsalar tana cikin ƙa'idar da ta gina komai a kai: in abu biyu sun faru a baya, wanda ya riga faruwa ya ɗauki had. Rabin gaskiya ce wannan, kuma wanda ya haddace ta haka zai rinƙa yayyafa had a ko'ina. Idan after ko before sun riga sun nuna jerin, had ba dole ba ne. After she finished the report, she left daidai take, amma na ga manhajar ta soke irinta ba tare da wani dalili ba face an rasa had. Haka idan ana jero abubuwa bi da bi da and: He opened the door and walked in. Buɗewar ta riga shigar, duk da haka ba mai cewa had opened. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ɗalibin da aka soke wa amsa mai kyau yakan daina yarda da kunnensa.

Ba ta kuma ba da isasshen atisaye a kan had da aka sa babu wani lokaci na biyu da zai jingina da shi ba. Fleming had discovered penicillin in 1928, ita kaɗai a tsaye, kuskure ce. Discovered ake buƙata. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon, saboda had yana sa jimla ta yi kamar ta masu ilimi.

Inda had ke sauya ma'ana kuwa, nan ne ya kamata a daɗe, amma ta wuce da sauri. When the doctor arrived, the patient left na nufin likita ya iso sannan mara lafiya ya fita. When the doctor arrived, the patient had left na nufin likita ya tarar ya riga ya tafi, ba su ma haɗu ba. Duka biyun nahawunsu lafiya lau, ma'anar da sauran jimlar ke nema ce ke raba gardama. Gajeriyar siga ta 'd ma ba a taɓa ta ba, alhali he'd gone had ce, he'd go kuma would.

Mai fara koyo zai amfana da ita sosai, musamman wajen sigogin aikatau da layin lokacin nan. Wanda ke shirin jarrabawa kuma ya riƙa yi wa kowace had tambaya biyu kafin ya danna amsa: ina ɗaya lokacin na baya da take jingina da shi, kuma in an cire ta, ma'anar za ta sauya ko jerin zai rikice? In babu lokaci na biyu, a soke zaɓin nan take. In akwai amma after ko before sun gama aikin, kada a yanke hukunci da had, a nemi kuskuren a wani wuri, kamar daidaiton aikatau da mai aiki ko wakilin suna.